Muhawara: Shin fim ɗin Hotel Rwanda ya cuci tarihi?

Malam Nasiru: Assalamu alaikum jama'a. Zan faɗi matsayata tun farko: fim ɗin Hotel Rwanda na 2004 ya cuci tarihi, kuma bai kamata a ci gaba da haska shi ga ɗalibai a matsayin abin da ya faru ba. Ga wanda bai kalla ba, a 1994, daga Afrilu zuwa Yuli, an kashe kimanin mutum 800,000 a Ruwanda, akasarinsu 'yan Tutsi. Mutum 1,268 suka fake a otal ɗin Mille Collines da ke Kigali, kuma suka tsira. Fim ɗin ya ɗora tsirar tasu kusan gaba ɗaya a kan mutum guda, manajan otal Paul Rusesabagina, wanda Don Cheadle ya fito a matsayinsa. Amma cikin waɗanda suka kwana a otal ɗin akwai masu musantawa. Edouard Kayihura ya fitar da littafi a 2014 yana cewa an riƙa karɓar kuɗin ɗaki da na abinci daga hannun masu gudun tsira, kuma ba manajan ne ya kare su ba. Idan masu abu sun ce ba haka aka yi ba, da wace hujja za a kira shi labarin gaskiya?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a yanke hukunci a duba yadda ake aikin. A rubutun fim, shafi ɗaya yana cin kimanin minti ɗaya a allo. Wannan fim awa biyu ne, wato shafi wajen 120, alhali mutanen sun yi sama da wata biyu a otal ɗin. Ba yadda za a yi komai ya shiga. Marubuci yana da dabaru da ba ya iya kauce musu: ya haɗe mutane da yawa su zama mutum ɗaya, ya matso da abubuwan da suka faru cikin makonni zuwa dare guda, ya kuma ƙirƙiri zancen da aka yi a ɗaki tunda babu wanda ya naɗe shi. Mai kallo ba ya iya riƙe fiye da mutum biyar ko shida a ransa, idan suka wuce haka sai ya fara tambayar wane ne wannan. Kanar Oliver da Nick Nolte ya fito a matsayinsa misali ne: babu wani kanar mai wannan suna, an gina shi ne a kan Janar Roméo Dallaire ɗan Kanada, kwamandan rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya. Canza sunan ma gaskiya ce ga mai kallo, don an nuna masa cewa wannan ba hoton Dallaire ba ne kai tsaye.

Dakta Hadiza: Hajiya, ban ƙi batun matse lokaci ba. Damuwata ita ce dalili. Fim yana iya gajarta kwanaki, amma idan ya canza abin da ya sa mutane suka tsira, ya taɓa ƙashin bayan tarihin. Abubuwa da dama ne suka haɗu suka kare Mille Collines. Otal ɗin mallakar Sabena ne, kamfanin jiragen saman Beljiyam, don haka idon Turai yana kansa. Akwai jami'an Majalisar Ɗinkin Duniya a wurin. Sannan gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ruwanda tana kallon mutanen otal ɗin a matsayin abin musaya da waɗanda ke ɓangaren da mayaƙan RPF, 'yan tawayen da ke yaƙar gwamnatin, suka kama, kuma daga baya ta hanyar musayar aka fitar da su.

A gwada da makarantar koyon sana'a ta ETO da ke Kicukiro a cikin Kigalin. Mutane sun fake a can saboda sojojin Beljiyam suna ciki. Ranar 11 ga Afrilu sojojin suka janye, a ranar kuma aka kashe kimanin mutum 2,000. Wannan kaɗai ya isa ya nuna nauyin zaman soja a bakin ƙofa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Kyaftin Mbaye Diagne ɗan Senigal. Ba ya ɗauke da makami, aikinsa sa ido ne kawai, amma ya riƙa ɗebo mutane a motarsa kaɗan-kaɗan, yana ratsa shingayen 'yan Interahamwe, 'yan bangar Hutu da ke aikata kisan, da lallami da raha, yana kawo su otal ɗin. Shi ya fitar da 'ya'yan Firaminista Agathe Uwilingiyimana bayan an kashe ta. Ranar 31 ga Mayu 1994 ɓarɓashin harsashin igwa ya same shi a wani shinge ya rasu. A 2014 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙirƙiri lambar yabo da sunansa. Wanda ya kalli fim ɗin kaɗai zai tashi bai taɓa jin sunansa ba.

Bashir: Anti Hadiza, a yi wa fim ɗin adalci. Bai ɓoye rawar Sabena ba, akwai fitowar da Paul ya buga wa shugaban kamfanin waya a Beljiyam, shi kuma ya nemi Faransa ta sa baki. Ya nuna ayarin motocin Majalisar da aka tare aka mayar da shi otal, wanda ya faru a farkon Mayu. Ya nuna yadda ake ɗibar ruwan tafkin wanka ana sha bayan an yanke famfo, da muryar gidan rediyon RTLM tana tunzura makasa. Georges Rutaganda, jigo a Interahamwe, da Janar Augustin Bizimungu, babban hafsan sojin Ruwanda a lokacin, da aka nuna Paul yana lallaɓawa da giya da kuɗi mutane ne na gaske, kuma kotun ƙasa da ƙasa da ta zauna a Arusha ta Tanzaniya ta hukunta su, na farko ɗaurin rai da rai, na biyu shekara 30.

Sannan Malam Nasiru bai kawo siyasar da ke ciki ba. Ɗan jarida Philip Gourevitch ya rubuta labarin Rusesabagina tun 1998, kafin a yi tunanin fim. Sukar ta yi ƙarfi ne bayan mutumin ya samu lambar yabo daga Shugaba Bush a 2005 ya kuma fara sukar Shugaba Paul Kagame na Ruwanda a fili. Daraktan fim ɗin, Terry George, ya rubuta a 2006 cewa yaƙin ɓata suna ne, shi ma Rusesabagina ya musanta zarge-zargen. A Agustan 2020 aka ɗauko Rusesabagina daga Dubai zuwa Kigali, a Satumban 2021 aka yanke masa shekara 25 kan zargin ta'addanci da ya shafi hare-haren FLN, ƙungiyar 'yan tawaye masu ɗauke da makamai, a Maris 2023 aka sake shi. A irin wannan yanayi dole a auna kowace shaida da lokacin da aka bayar da ita.

Malam Nasiru: Ƙanena, na yarda a auna. Amma kasancewar gwamnati tana da buƙata bai sa duk wanda ya kwana a otal ɗin ya zama maƙaryaci ba. Dallaire ba ma'aikacin gwamnatin Kigali ba ne, kuma shi ma ya soki fim ɗin.

Barista Auwal: Bari in shigo ta ɓangaren doka, domin a nan ake gane inda aikin ke yoyo. Furodusa yakan fara da sayen haƙƙin labarin rayuwa. Wannan takarda ba mallakar abin da ya faru take ba shi ba, don babu mai mallakar tarihi. Abin da take ba shi shi ne haɗin kan mutumin, da takardunsa, da alƙawarin ba zai kai ƙara ba. Daga nan lauyoyi sukan buƙaci rubutun fim mai sharhi a gefe, inda marubuci zai nuna a kowace fitowa ko abin ya tabbata da madogararsa, ko hasashe ne daga abin da ya tabbata, ko ƙirƙira ce zalla. Da wannan ake samun inshorar da ke biyan diyya idan an kai ƙara, kuma manyan masu rarraba fim ba sa karɓar aiki sai da ita.

Tsarin ya samo asali ne daga asara. A 1932 kamfanin MGM ya yi fim kan Rasputin, malamin sihirin fadar sarkin Rasha, sai Gimbiya Irina Yusupova ta kai ƙara a Ingila cewa an nuna wata mata da kowa zai gane ita ce a hanyar da ta zubar mata da mutunci. A 1934 kotu ta ba ta fam 25,000. Daga nan ne rubutun nan na ƙarshen fim ya yaɗu, mai cewa duk kamanni da wani rayayye ko matacce dace ne kawai.

To ku lura da abin da lauya ke nema: wa aka ɓata wa suna, yana raye, zai iya kai ƙara? A dokar Ingila da ƙasashen da suka gaje ta, mamaci ba ya ƙarar ɓata suna. Babu kuma wanda ke kai ƙara don an yabi wani fiye da ƙima, ko don an bar shi a waje. Saboda haka fim zai iya tsallake duk wannan tantancewa alhali ya kumbura mutum ɗaya ya shafe goma. Mbaye Diagne ya faɗa cikin wannan ramin ne daidai.

Hajiya Rabi: Barista ya taɓo wurin. Matsalar da na yarda da ita ita ce majiya ɗaya. Rusesabagina ya kasance mai ba da shawara a fim ɗin da shi ne jaruminsa. Duk wanda aka tambaya labarin kansa, daga inda yake tsaye zai ba da shi, ko da bai yi niyyar ƙarya ba. Maganin sananne ne. A tattauna da shaidu daban-daban, kowa shi kaɗai, don idan aka tara su ɗaki guda mai ƙarfin murya ne ke jan ragowar. Duk fitowar da jarumi ya ceci rai a nemo mata shaida na biyu da ba danginsa ba. Inda shaidu suka saɓa, ko a nuna saɓanin ko a sauke fitowar. A ba masanin tarihi rubutun tun kafin a fara ɗauka, domin bayan an kashe kuɗi a kan fitowa ba a cika yarda a yanke ta ba. A ƙarshe allon rubutu na rufewa yana ɗaukar layi uku ko huɗu kyauta, a nan ake ambaton waɗanda labarin bai ɗauka ba.

Amma Malam Nasiru, ban yarda a daina haska shi ba. Miliyoyin mutane ta wannan fim suka fara jin abin da ya faru a Ruwanda.

Dakta Hadiza: Ni ma ban ce a hana ba. Sai dai malamin da zai haska shi ya ɗauki nauyi. Kafin kallo ya ba ɗalibai jadawali: 6 ga Afrilu aka harbo jirgin Shugaba Habyarimana na Ruwanda, 7 ga wata aka kashe sojojin Beljiyam goma, 21 ga wata Kwamitin Sulhu ya rage rundunar Majalisar zuwa mutum 270. Bayan kallo ya karanta musu abin da Kayihura ya ce da abin da Rusesabagina ya ce, ya kawo labarin ETO da na Diagne, sannan ya tambaye su abin da ya kare otal ɗin.

Malam Nasiru: Idan za a yi duk wannan, na janye batun hana haskawa. Amma kalmar cuta ban janye ta ba, Dakta. Yawancin masu kallo a waya suke kallo su kaɗai, babu malami a gefe, babu jadawali. Bashir, ka nuna mini fitowa ɗaya a fim ɗin da za ta sa irin wannan mai kallo ya san cewa akwai waɗanda suka kwana a Mille Collines da ke ba da labarin ta wata fuska.

Bashir: Babu ita, Malam. Amma littafin Kayihura ya fito ne shekara goma bayan fim ɗin, don haka tambayar da zan mayar maka ita ce ko masu rarraba shi yanzu za su yarda su ƙara allon bayani a farkonsa, kuma wa zai rubuta abin da za a sa a kai.