Neman taimako: masu sana'ar hula biyu, suna ɗaya, a Denton

Assalamu alaikum. Masana binciken zuriya a Ingila, don Allah a duba mana wannan.

Muna bin zuriyar wani mai yin hular gashin zomo a Denton, kusa da Stockport, a ƙarni na 19. 'Ya'yansa da jikokinsa sun fito sarai a takardun ƙidayar jama'a daga 1851 zuwa 1881. A kan mahaifinsa muka tsaya cik.

Ƙidayar 1841 ta nuna mutum biyu masu suna ɗaya da namu, sana'a ɗaya, kowanne an rubuta masa shekara 30. Wannan adadi ba ya raba gardama, domin a waccan ƙidaya ana rage shekarun manya zuwa biyar-biyar, mai 34 ma 30 za a sa masa. Ta 1851 ta ce Stockport aka haifi mutumin namu, wato gundumar Cheshire; ta 1861 kuma ta ce Denton, gundumar Lancashire. Ya yi aure kafin 1 ga Yuli 1837, ranar da gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa, saboda haka littafin cocin Manchester bai kawo sunan uba ba, sai shaidu biyu. Rajistar harajin 'yan koyon sana'a ta tsaya a 1811, ba ta kai zamaninsa ba.

To, ina mafita? A bi sunayen shaidun nan, ko a fara da littattafan baftisma na cocin Methodist da ke RG4, wato rukunin rajistocin cocin da ba na Ingila ba a ma'adanar tarihi ta ƙasa (National Archives)? Wasiyyun kafin 1858 da kotun coci ta Chester ta tabbatar kuwa, na mutanen Denton a ma'adanar tarihin Lancashire da ke Preston za a nema?