Farafet ko rufi mai tudu? Ginina ya kai linta a Rikkos, ku ba ni shawara

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ɗan gini a wajen Rikkos a nan Jos, fuloti ɗaya 50 da 100, ɗaki uku da falo biyu, ba bene ba ne. Alhamdulillah an zuba linta satin da ya wuce, saura rufi. Toh ni da uwargida mun kasa daidaitawa. Tunda ta je biki Gwarinpa ta dawo ba ta da zance sai gidajen nan na Abuja da ba a ganin kwanonsu, wato farafet, a shafe shi da fari da ruwan toka, tagogi dogaye. Ni kuma hankalina ya fi kwanciya da rufin da muka saba, mai tudu, kwano ya leƙo ya rufe bango. Birkila ya ce farafet ya fi sauƙi don ba ya cin katako da kwano, kafinta ya ce ƙarya ne abin da ka rage a kwano a siminti da rodi za ka biya shi. Kowa dai aljihunsa yake karewa. Don Allah wanda ya taɓa yin farafet a nan Jos ya gaya min yadda damina take masa. Kuɗin hannuna ba yawa, so nake in rufe kafin ruwan Afrilu.

Ɗan Gangare:
Wa alaikumus salam. Ni dai da ni ne dekin zan zuba kawai, gobe ka ɗora bene. Fili a Jos yanzu ai sai mai rabo.

Baban Ilham:
Ɗan uwa fandishon na gidan ƙasa aka yi, kuma na ce kuɗi ba yawa.

Maman Walid:
Allah ya sa albarka ya sa a shiga lafiya. Ko wanne za ka yi kar ka yarda da farin fenti har ƙasa. Jar ƙasar garin nan ruwa na dukanta take fantsama a bango, namu wata huɗu ya yi ya koma kalar kunun kanwa. Daga baya dutse muka manna daga ƙasa zuwa wajen ƙugu, tunda dutse kam Allah ya hore mana shi a Jos, shi ne muka huta.

Abu Sadiq:
Baban Ilham ka zo gidana ka gani da idonka kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya. Ni ne ɗan gaye, 2021 na yi farafet a bayan Bauchi Road, hoton wani gida na gani a Instagram na miƙa wa birkila na ce irin wannan nake so sak. Ya ce Alhaji an gama. Ranar da aka gama fenti mutane tsayawa suke suna ɗaukar hoto wallahi, har wani ya tambaye ni ko na saidawa ne. Abin da ban sani ba, duk ruwan rufin nan cikin wata kwata ta kankare yake taruwa a bayan bangon, bututu biyu kacal ya sa mata, su ma 'yan inci 3. Damina ta farko lafiya lau sai ɗan danshi a kusurwar ɗakin yara. Ta biyu, cikin watan Agusta, wajen ƙarfe biyu na dare aka tsuge da ruwa har da ƙanƙara, ashe ganyen mangwaron maƙota da wata ledar fiya wata sun toshe bututu ɗaya, ƙanƙara ta cike ɗayan. Ruwa ya rasa hanya ya cika kwatar ya koma ta ƙarƙashin kwano. Ƙara kawai muka ji kamar an jefo buhu, na fito da tocilan na tarar da silin falo na fi'ofi a kan kujerun matata na aure, talabijin kuwa ba a magana. Muka kwana muna kwalfa da bokiti da faranti, ƙaramar 'yata tana tsaye kan tebur tana kuka.

Da safe na kira birkilan ya zo ya ɗaga kai ya kalla ya ce wai Alhaji ruwan bana ne ya yi yawa. A Jos! Kamar daga Agadas aka kawo shi jiya. Na kawo masu shimfiɗa baƙar roba da wutar gas, damina ɗaya ta yi, hunturu na zuwa ta fara ɗagowa a gefe. Ga baƙin zane da ke gangarowa daga saman bango duk shekara kamar gidan yana hawaye. Ƙarshe dai farkon 2024, lokacin da buhun siminti ya haura dubu 10, na sa aka fasa farafet ɗin aka sake rufi. Rufi biyu na biya a gida ɗaya, har motata ta tafi a ciki.

Maman Walid:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Abu Sadiq.

Injiniya Bukuru:
Abu Sadiq Allah ya kiyaye gaba, amma gaskiya ba farafet ya cuce ka ba, aiki ne ba a yi ba. Abuja ma ai ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, kuma gidajen na nan tsaye. Kwatar sai an ba ta gangara, bututu inci 4 a wurare da yawa da raga a bakinsu, a bar wata ƙofa a sama kaɗan wadda in bututu ya toshe ruwa zai zubo waje ba ciki ba. Inda kwano ya haɗu da bango a sa filashin, wato fallen da ke rufe mahaɗar don kar ruwa ya shiga, saman bangon kuma a yi masa hula mai ɗan baki don ruwa kar ya bi jikin fenti, rashinta ne ya kawo maka wannan baƙin zanen. Kuma yana da amfaninsa, iskar farkon damina da ke yaye rufin mutane ba ta samun bakin kwano ta ɗaga. Matsalarmu hoto muke ba birkila maimakon zane.

Tsohon Magini:
Yaro kai a takarda kake gini. Shekara 30 da wani abu ina kan sikafol, ban taɓa ganin mai gidan da ke hawa sama duk wata yana share kwata ba. Wa zai hau? Hajiya? Wannan abin da kuke kira na zamani ai kakanninmu sun yi shi, soro da rawani da zankwaye, amma su indararo suke sawa ya tofar da ruwa can nesa da bango, ba su ɓoye ruwa a cikin gini. Ku shiga gidan tarihi nan kusa da gidan zu, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani ya gina, ku duba. Kuma su can Kano da Katsina ruwansu bai kai namu ba, duk da haka sai an bi da yaɓe. A Jos gida sai da malafa.

Injiniya Bukuru:
Baba da girmanka, amma irin wannan shekara 30 ɗin ce ta sa wa Abu Sadiq bututu biyu.

Tsohon Magini:
Ba ni na yi masa ba. Kuma na sha gyara aikin masu digiri.

Ɗan Gangare:
Malafa kuma Baba? Wasu rufin nan na Rayfield ai ya fi gidan tsawo, ɗaki ɗaya na mutane, bene biyu na jemagu kyauta ba haya.

Na Dilimi:
Ku dai kuna ta ɓata data. Uwargida ta riga ta yanke hukunci tun a Gwarinpa, sanarwa kawai ya zo yi mana.

Baban Ilham:
Hhhh Na Dilimi ka ji tsoron Allah. Toh maganar kuɗi fa, nawa ake sayar da kwanon alminiyam dogon nan yanzu?

Abu Sadiq:
Ni mai kaurin 0.55 na saya, dubu 7 da ɗari 5 mita, a kasuwar Building Materials hanyar Bukuru.

Na Dilimi:
An yanke ka. Ƙanina dubu 5 da ɗari 8 ya saya, shi ma 0.55, daga kasuwar Dei-Dei ta Abuja aka ɗoro masa har da kuɗin mota bai kai naka ba.

Injiniya Bukuru:
Ka ce wa ƙaninka ya auna. Da yawa 0.45 ne ake rubuta wa 0.55 a rasit, wani ma bai kai ba. Ka je da abin awon kauri a gwada a gabanka kafin a yanka. Kuma ba ku faɗi watan da kowa ya saya ba, kuɗin nan da dala yake tafiya.

Na Dilimi:
Toh ƙanina dai rufinsa na nan ba ya yoyo, ba kuma injiniya ya kira ba.

Maman Walid:
Katako ma a kula, a kasuwar Katako in ba ka da idon sani ɗanye za a haɗa maka, yana bushewa ya murɗe ya ja kwanon.

Hajiyar Anguwan Rogo:
Ni duk wannan bai dame ni ba, abin da nake roƙonka Baban Ilham in mai tudun za ka yi ka dubi Allah ka dubi maƙocinka. Wanda ke bayanmu ya cinye filinsa tas bai bar ko taku ɗaya ba, ya jingina bangonsa da katangarmu, ya sako bakin kwanonsa cikin tsakar gidana. Duk ruwan gidansa a kan madafata yake sauka. Katangar ta jiƙe har ta fara tsagewa, icen girki kullum a jiƙe. Maigidan ya yi masa magana ya ce zai sa kwata, shekara uku ke nan.

Ɗan Gangare:
Hajiya ku kai shi wajen mai unguwa mana.

Hajiyar Anguwan Rogo:
An kai. Aka ce a yi haƙuri maƙotaka ce. Haƙurin ne zai tare min katanga?

Abu Sadiq:
Irinsu ne ai. Ni ma mangwaron da ya toshe min bututu sau nawa na ce a sare reshen, mai shi ya ce kakansa ya shuka.

Tsohon Magini:
Da can kafin ka kafa indararo sai ka kira maƙoci ya ga inda zai zuba. Yanzu kowa ya samu kuɗi sai ya tura ruwansa lungu, ga kwalbati cike da shara, shi ya sa ruwa kaɗan unguwa ta cika.

Baban Ilham:
Jama'a har yanzu fa ban ji wanda ya yi farafet a Jos ya zauna lafiya ba, ko akwai? Kafinta na jirana ranar Asabar.

Hajiyar Anguwan Rogo:
Injiniya tunda kana nan, in na sa aka yanke bakin kwanon da ya shigo gidana da kaina, akwai abin da zai iya yi min?