Nawa ya kamata a ba da tukuici a Legas?

Mazaunin Agege:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a garin nan. A makon jiya na kai baƙina daga Kano wani gidan abinci a Victoria Island, aka kawo mini takardar kuɗi mai ɗauke da harajin VAT na kashi 7.5, da harajin jiha na kashi 5, da wani kashi 10 da suka ce kuɗin hidima ne. Na biya na tashi ban ba yarinyar da ta kula da mu ko sisi ba, alhali ta yi ta kai da kawo kusan awa biyu, kuma har yau abin yana ci mini rai. Shin na tauye mata haƙƙi?

Tsohon ma'aikacin otal:
Wa alaikumus salam, malam. Ba ka tauye mata haƙƙi ba, domin tukuici ba bashi ba ne. Amma na yi shekara shida ina wannan aiki a Ikeja, kuma a inda na yi, kuɗin hidima asusun masu gida yake shiga, wani watan a raba mana kaɗan, wani watan a yi shiru. Saboda haka idan hidimar ta gamsar da kai, ka damƙa mata tsabar kuɗi a hannunta, kashi 5 zuwa 10 na abin da ka ci. Kada ka ɗauki ma'aunin Amurka na kashi 15 zuwa 20, domin can dokar tarayya ta yarda a biya mai karɓar tukuici dala 2.13 kacal a awa.

Hajiya daga Mile 12:
Ɗana, ni jan hankalina kan 'yan dako ne, domin mutane suna haɗa lada da tukuici. Yaron da ya ɗora kwandon tumatir a kansa ya ratsa taɓo har bakin mota, ladansa haƙƙinsa ne, kuma a tsayar da ladan kafin ya ɗauka. Ina ganin masu cewa "zan ba ka na goro", sannan su miƙa abin da bai kai rabin lada ba. Ni sai na cika lada tukuna, ranar ruwan sama kuma in ɗora naira 500 a kai.

Direba a Apapa:
Hajiya ta yi gaskiya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya tashi, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 bai isa hannun masu gadi da masu wankin mota da yawa ba. Shi ya sa nake auna tukuicina da kuɗin motar komawarsu gida.

Mazaunin Agege:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Ranar Asabar zan bi ta wajen in nemi yarinyar, in sha Allah.