Ya madubin James Webb yake zama daram a sama?

Ɗan Agege: Salam jama'a, madubin James Webb, na'urar hangen taurari da ke can sararin samaniya, yanki 18 aka haɗa, to ya akai ba sa gocewa alhali babu mai zuwa gyara?

Malam na Idi-Araba: Wa alaikumus salam ƙanena. Kowane yanki da ƙananan injina 7 a bayansa, injiniyoyi ke aika umarni daga ƙasa a matsa shi kaɗan kaɗan, motsin ko kaurin gashi bai kai ba. Zafi ne matsalar, shi yasa akai masa laima mai hawa 5 tana tare rana.

Hajiya Mile 12: A Mayun 2022 ma ɗan tsakuwa ya bugi yanki ɗaya, aka daidaita amma tabon yana nan.

Ɗan Agege: Ikon Allah, daga nisan kilomita miliyan 1.5! Na gode Malam.