Wata huɗu shiru, in kai labarin wata mujallar?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta, shawara nake nema. Wata huɗu ke nan da na tura gajeren labarina, kalmomi wajen 3,500, ga wata mujallar adabi ta hanyar Submittable, shafin intanet da ake tura wa mujallu rubutu. A sati na biyu alamar da ke nuna inda labarin ya kai ta koma "In-Progress", wato ana kan aiki, daga nan shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ga wata mujallar ta buɗe karɓa, ƙarshen wata za ta rufe. In tura musu shi ko laifi ne? Sai wani abu da ban gaya wa kowa ba: bara na taɓa sa farkon labarin a Facebook.

Amsa ta farko: Wa alaikis salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, wata huɗu ba jinkiri ba ne a wannan harka, uku zuwa shida shi ne aka saba. Alamar nan kuma kada ta sa ki ƙirga ƙwai, iyakarta an buɗe fayil ɗin ko an miƙa shi ga mai karantawa. Koma shafin ƙa'idojinsu ki duba abu biyu: tsawon lokacin da suka ce a jira, da ko sun yarda a tura aiki ɗaya wurare da yawa lokaci guda. Yawancinsu sun yarda, sharaɗin dai ranar da wata ta karɓa, a ranar ki janye daga sauran. Ki kuma duba ta biyun ma, don ita ma tana da nata sharaɗin.

Amsa ta biyu: Malama, ni batun Facebook ɗin ne ya fi tsaya mini. Na yi shekara biyu ina tace labarai wa wata ƙaramar mujalla, kyauta, da dare bayan aiki, shi ya sa ma kuke ganin muna daɗewa. Abin da mujalla take karɓa a hannunki shi ne haƙƙin zama ta farko da ta fitar da aikin, bayan ya fito ya dawo naki. To in jama'a sun riga sun karanta shi a fili, me ya rage mata? Da yawa suna ɗaukar duk abin da aka sa a intanet kowa na gani a matsayin wanda aka riga aka buga. Wasu kan ɗaga ƙafa idan rufaffen zaure ne na masu gyara wa juna rubutu, ko kuma ɗan guntu ne. Rubuta wa editan layi biyu ki faɗa masa gaskiya.

Amsa ta uku: Haba, duk wannan wahalar ta mece ce? Ta goge kawai, wa zai sani?

Mai amsa ta biyu: Ɗan'uwa, ta goge ɗin, amma ta faɗa. Idan suka karɓa, takardar yarjejeniya za ta sa wa hannu cewa bai taɓa fitowa ko'ina ba. Mutum ɗaya da ya ɗauki hoton rubutun bara ya isa. Editoci kuma sun san juna fiye da yadda kake zato.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na duba: wata shida suka ce, kuma sun yarda a tura wani wuri. Abin da na sa a Facebook kalmomi 600 ne, na cire, na kuma aika musu saƙo. Saura wasiƙar gabatarwa ta mujalla ta biyu. Rubutuna bai taɓa fitowa a wata mujalla ba, me zan rubuta?

Mai amsa ta farko: Gaisuwa, sunan labarin, yawan kalmomi, jimla ɗaya a kanki, sai ki ce kin tura shi wani wurin. Kada ki bayyana ma'anar labarin, kada kuma ki ba da haƙuri don ke sabuwa ce. In sun ce a cire suna daga cikin fayil, cire har na saman shafi. Amma kafin nan ki karanta ko fitowa ɗaya tasu, ki ga ko irin labarinki suke so. Kuma kada ki jira daren ƙarshe. Wasu, har manya irin The Paris Review da aka kafa a 1953, suna ƙayyade adadin da za su karɓa, da ya cika sai su rufe ko wata bai ƙare ba.

Mai tambaya: To, gobe da safe in sha Allahu zan tura.