Abin da na tsinta kan tarihin Technos Japan

Jiya mun daɗe muna hira kan Technos Japan, kamfanin gem ɗin bidiyo da ya yi Double Dragon a 1987. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce kar ka fara da Double Dragon, fara da Kunio-kun na 1986 wanda aka kai Amurka da sunan Renegade, a nan suka fara gem ɗin dambe a titi. Wani kuma ya ce a kula, duk wanda ya fito bayan 1996 ba aikinsu bane, shekarar kamfanin ya durƙushe, tun 2015 kamfanin Arc System Works ke riƙe da haƙƙin mallakar gem ɗinsu. Ni kam a cikin gem ɗinsu River City Ransom nake so, ka doki ɗan daba kuɗi su zubo ka kwasa ka sayi abinci ƙarfinka ya ƙaru.