Kwamfutata tana farkawa da kanta da tsakar dare

'Yar Bukuru: Assalamu alaikum. Laftop ce mai Windows 11. In na sa ta a Sleep na rufe murfi, wajen ƙarfe 2 na dare sai in ji fankarta na juyawa. Da safe batir ya ƙare, jikinta kuma zafi rau. Na koma Hibernate, wato barci mai nauyi da ya fi Sleep, ba ta fasa ba. Kutse aka yi mata?

Mai gyara a Terminus: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki, ba alamar kutse ba ce. Lokacin da kika faɗa shi ne ƙarfen da Windows ke ajiye wa Automatic Maintenance, aikin kula da kanta da take yi ba tare da an sa ta ba, tun daga masana'anta, wato ƙarfe 2 na dare. Agogon da ke kan madabod, babban faifan cikin kwamfuta, ba ya tsayawa ko a Hibernate, don haka Windows kan ɗaura masa ƙararrawa kafin ta kwanta, in lokaci ya yi ya tashe ta.

Kada ki fara kashe abubuwa da ka. Buɗe Command Prompt ta Run as administrator, ki rubuta powercfg /lastwake, zai gaya miki abin da ya tashe ta na ƙarshe. Sai powercfg /waketimers, shi kuma ya nuna ƙararrawar da ke jiran lokaci da sunan aikin da ya ɗaura ta. Da sunan a hannu, ki nemo aikin a Task Scheduler, ki shiga Conditions, ki cire alamar Wake the computer to run this task. Ayyukan da ke ƙarƙashin UpdateOrchestrator, sashen da ke kula da sabunta Windows, sukan ƙi gyara, ko su maido alamar bayan sabuntawa. Maganinsu yana Power Options: Change plan settings, Change advanced power settings, Sleep, Allow wake timers, ki mayar da shi Disable. Layi biyu ne, na batir da na caja.

Injiniya Rayfield: Malam ya yi bayani, amma ni ba zan kashe na caja ba in akwai aikin adana fayiloli da ake so ya gudana da dare. Na batir shi ne dole. Hajiya, ki kuma rubuta powercfg /a. In kika ga S0 Low Power Idle, kwamfutarki ba ta yin barci na gaske. Allo ne ke mutuwa, ita tana nan tana iya hulɗa da Wi-Fi. Irin waɗannan su suka fi cinye batir a cikin jaka, kuma powercfg /sleepstudy zai fitar da rahoton abin da ya ci shi.

Ɗan Farin Gada: Ku bar ni in ƙara ɗaya da ya shafe mu a nan. In tana jone da caja, dawowar wuta ma kan tashe ta. Ki duba BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi: Dell na kiran wannan zaɓin Wake on AC, Lenovo kuma Power On with AC Attach. Kashe shi. Haka ma maus mara waya, motsi kaɗan ya isa. Powercfg /devicequery wake_armed zai lissafa duk na'urorin da ke da izinin tashinta, sai ki cire musu a Device Manager. Kuma don Allah, in za ta shiga jaka, Shut down za ki yi. Zafi a wurin da babu iska shi ke kumbura batir.